Taraktar Yaya da Gwiwar Hannuna

Kafin Tela ya gama zagaye gari da nasa labarin, gara ku ji nawa, domin ni abin ya faru a kaina, shi kuwa ɗan kallo ne mai dogon baki. Abin da aka yi mini zalunci ne tsagwaronsa. Na yi wa dangi hidima da ilimina da gumina da rigunana huɗu, aka saka mini da abin da za ku ji.

Yayan maiɗakina, wanda duk muke kira Yaya, yana da tarakta. Ja ce, ko kuwa in ce ta taɓa zama ja. Ta kwana biyu a duniya, amma in ta shiga gona sai ka tausaya wa ƙasa. Matsalarta ɗaya, tashi. Yau a murɗa makulli ta amsa tun kafin a saki hannu. Gobe a murɗa ta ce ƙas, ƙas, ta yi gum kamar wadda aka yi wa laifi. Jibi ko ƙas ɗin ma ba za ta ce ba. Direbanta wani bawan Allah ne da muke kira Shiru, don magana tsada take yi masa. In ta ƙi tashi, sai ya zauna ya zuba wa sitiyari ido har rana ta take.

Ana haka damina ta matso. Ƙungiyar manoma ta yanke shawarar ba tarakta guda huɗar gonakin bana kaf, kuma Ciyaman da kansa zai zo ranar Alhamis ya ga ta Yaya. In ta tashi a gabansa, aiki na Yaya ne. In ta ƙi, a ba wani mutumin ƙetaren rafi mai sabuwar shuɗiya.

Ranar Lahadi Yaya ya kira bakanike. Allah ya sa ina wurin. Bakanike ya ajiye jakarsa, ya zagaya tarakta sau ɗaya, ya ce, “Bari in fara duba kan batir.”

Dariya ta kama ni. Na ce, “Kan batir! Yaya, ka ji fa. Mutum na fama da ciwon ciki, likita ya ce bari ya duba hularsa.”

Bakanike ya dube ni sama da ƙasa. “Malam, kai ma ɗan hannu ne?”

“Ɗan hannu? Ni da na yi aiki a kamfanin manyan injuna?”

Shagon Tela yana kallon filin Yaya, kuma kunnen Tela ya fi allurarsa kaifi. Tare muka tashi da shi tun muna yawo ba wando, shi ya sa ba ya ganin girmana. Ya leƙo ta taga ya ce, “Wata uku ka yi, kuma ƙofa kake buɗewa!”

Na ce, “To, wane inji ne ya shiga kamfanin bai bi ta gabana ba?”

Na matsa jikin tarakta don in yi wa Yaya bayani a tsanake. Akwatin batirinta yana gefe, daidai ƙugun mutum. Murfinsa na asali ya ɓata tun tuni, sai aka yanko katako aka ɗora. Na kafa gwiwar hannuna ta dama a kan katakon, na harɗe ƙafa, don ni ba na iya bayani mai zurfi sai na jingina. Na yi magana a kan numfashin inji, da zafin jininsa, da yadda ƙarfe ke da zuciya irin tasa. Da na ga Yaya ya fara lumshe ido, sai na ce, “Shiru, murɗa mana mu ji kukanta, in nuna muku inda ciwon yake.”

Shiru ya murɗa. Tarakta ta yi gurnani ta tashi, salansa ya yi aman hayaƙi, kaji suka watse.

A cikin duk waɗanda ke wurin babu wanda ya kai ni mamaki, amma ban bari fuskata ta tona ni ba. Na kakkaɓe hannu na ce, “To, ga shi nan.”

Yaya ya ce, “Ikon Allah! Me ka yi mata?”

“Yaya, in na faɗa a nan, wasu za su rasa sana'a.”

Bakanike ko jakarsa bai buɗe ba. Ya rataya ta ya ce, “Tunda akwai injiniya a gida, ni na yi nan.”

Daga ranar sunan ya bi ni, ni kuma ban kore shi ba. Yaya ya ja ni gefe ya ce in dai ta tashi ranar Alhamis, ni ne manajan tarakta, makulli a aljihuna, kuma gonata za a fara huɗawa.

Kafin la'asar na yi abubuwa uku. Na ɗauki garmata na kai wa Tela kyauta, na ce ya riƙe ta don tarihi, ni da sunkuyo a gona har abada. Na ba shi farin yadi ya ɗinka mini rigar da ta dace da manaja. Da sakataren ƙungiya ya zo da takardar layin huɗa yana rubuta sunaye, na ce ya wuce, manaja ba ya bin layi.

Maiɗakina ta saurare ni har na gama, tana tsince shinkafa. Ta ce, “Malam, kai da tocila ma sai ka juya mata batir sau biyu kafin ta kama?”

“Ƙananan abubuwa ne ke ba ni wahala, uwar yara. Kaina na manya ne.”

“Allah ya sa. Amma da ka bar garmar.”

Litinin da safe tarakta ta ce ƙas.

Yaya ya dube ni, Shiru ya dube ni, har akuyar Yaya ta daina tuƙa ta dube ni. Na ce batir ne ya kwana cikin raɓa, sanyi ya shige shi, rana yake so. Na ɗaga katako na zare wayoyin nan biyu masu kauri daga kan batir. Ko sifana ban nema ba, da yatsu na zare su, don ku san irin ƙarfin hannun da Allah ya ba ni. Na rungumo batir, ashe abin nauyin jaki gare shi. Na kai shi rufin garken awaki na shanya. Rufin kwano ne da ya ga shekaru. Ya yi ƙara sau ɗaya, ya lotsa, batir ya gangaro ya sauka a cikin kwamin dusa, awaki suka tsinke igiya suka shiga lambun matar Yaya.

Matar Yaya ta fito da muciya. “Injiniya, tarakta aka ce ka tayar ko awakina?”

“Duk abin da ya kwanta ina tayar da shi, Yaya babba.”

Da azahar na mayar da batir, na tura wayoyin da tafin hannu, na rufe katako. Shiru ya murɗa. Ƙas. Na ce caji bai gama ratsa shi ba. Na jingina ina yi wa Yaya bayanin yadda hasken rana ke tafiya a hankali a cikin ƙarfe, Shiru ya sake murɗawa don kansa, sai ga ta ta tashi.

Na ce, “Ya ratsa.”

Washegari maiɗakina ta ɗago rigar da na cire. Gwiwar hannun dama ta zama kamar rariya. Na ce ɓera ne. Ta kai wa Tela ya yi faci.

Talata kuma ƙas. Wannan karon na ce batir ya yi rauni, sai an ƙara masa jini daga ɗan'uwansa. Babu abin hawa a kusa sai babur ɗin Tela, wanda yake gogewa sau uku a rana kamar jariri.

Tela ya ce, “Kana hauka? Ka taɓa ganin an ɗebi jinin kaza an ƙara wa sa?”

“Wuta wuta ce. Kai ka san zare, ni na san waya.”

Na sha kansa da daɗin baki har ya turo babur. Na samo wayoyi biyu na haɗa. Ku yi mini adalci: duka wayoyin baƙaƙe ne, wa zai gane wadda ta dace da wane kan batir? Ina taɓawa sai tartsatsi, fat! Hayaƙi ya tashi daga ƙarƙashin kujerar babur, wani wari ya cika fili. Na shafa fuska na ji girata ta hagu ta tafi. Tela ya daddanna kik har ya yi gumi, babur ko tari bai yi ba.

“Ka kashe mini babur, azzalumi!”

“Sadaukarwa ya yi. Jira ka gani.”

Na ja da baya na jingina da katakon akwatin batir. Shiru ya murɗa. Ta tashi.

Na ce, “Ka gani? Jinin ya karɓe ta.”

Tela ya tura babur ɗinsa zuwa shago yana ambatar kakannina ɗaya bayan ɗaya. Da safe riga ta biyu ta huje a wuri guda.

Maiɗakina ta ce, “Wannan wane irin ɓera ne da ba ya cin komai a gidan nan sai gwiwar hannun dama?”

“Ɓera ne mai tsari. Kai wa Tela.”

“Tela ba ya magana da kai.”

“Ai ba rigar ce ta ƙona masa babur ba.”

Laraba na ce a tura. Na tara majiya ƙarfin unguwa, mahauci da mai faci da masu dako biyu, na ce inji kamar tsoho ne, in jini ya daskare sai an motsa shi. Ni na tsaya a gaba ina ba da umarni, don dole wani ya riƙa tunani. Aka cire dutsen da ake tare tayar baya da shi, aka tura. Na manta filin Yaya gangare ne. Tarakta ta fara tafiya a hankali, sannan ta daina neman taimakon kowa. Na juya na ga tana biyo ni. Jama'a, na yi gudun da rabona da shi tun ina saurayi. Na yi dama ta yi dama. Na faɗa cikin dangar maƙwabci, ita kuma ta wuce da shanyar matar Yaya a wuya kamar mai tafiya biki, ta je ta kafa hanci a cikin taɓon kwata.

Shiru na zaune a sama, ko hularsa ba ta karkace ba.

Mahauci ya ce, “Injiniya, tunda muka iso, mu dawo da ita ko nan za ta kwana?”

Na iso ina haki, na zube a jikin akwatin batir don kada in faɗi. Na ce, “Shiru… murɗa.” Ta tashi, ta ja da baya da kanta ta fita daga taɓo. Masu dako suka yi tafi. Har mahauci ya ce lallai mutumin nan akwai wani abu a hannunsa.

Zan gaya muku gaskiya, tunda mu kaɗai ne. Ni kaina ban san wanne ne maganin ba, rana ce, jinin babur ne, ko gudun. Sai na yanke shawarar ranar Alhamis zan haɗa abin da ya sawwaƙa, in ƙara da ƙwanƙwasa taya sau uku da kara kunne a jikin inji, don jama'a su ga aiki. Riga ta uku kuma ta bi 'yan'uwanta wurin Tela.

Alhamis ta zo. Tela, duk da fushinsa, ya yi aiki, don ba ya wasa da sunan shagonsa. Riga fara ƙal, ta sha guga har tana ƙara in na motsa. Na karkata hula ta rufe gurbin girar da ta tafi. Na fesa turare. Da na fito, maiɗakina ta ce, “Wurin tarakta za ka ko ɗaurin aure?”

“Manaja ba ya taɓa baƙin mai. Nuni yake yi.”

Fili ya cika. An sa wa Ciyaman kujera a inuwa, sakatare na gefensa. Mutumin ƙetaren rafi ya zo yana kaɗa makullin shuɗiyarsa a yatsa. Bakanike ma ya zo, ya hau katanga ya zauna da jakarsa a cinya, kamar mai jiran a fara wasa. Ni kuwa na tsaya taku uku daga tarakta, da 'yar sanda a hannu, don ko ƙurarta ban yarda ta taɓa ni ba.

Na yi jawabi gajere, bai fi rabin sa'a ba. Sannan na nuna da sanda. “Shiru, bismillah.”

Ƙas.

Na yi murmushi. “Gaisuwa ce take yi wa Ciyaman. Sake.”

Ƙas, ƙas.

Na sa mahauci ya ƙwanƙwasa taya sau uku. Ƙas. Na ce ta baya nake nufi. Ƙas. Na sa mai faci ya kara kunne a jikin inji ya gaya mini abin da ya ji.

Ya ce, “Cikina nake ji, ban karya ba.”

Na ce a ɗauko madubi a haska wa batir rana. Aka ɗauko na matar Yaya, aka haska, hasken ya sauka a idon Ciyaman. Na nemi wanda zai ba da aron babur, sai na ga masu babura suna janye su a hankali zuwa bayan katanga. Na ce a tura, masu dako suka ce su yau kallo suka zo.

Mutumin ƙetaren rafi ya ce, “Ranka ya daɗe, in aika a kawo tawa? Ita ba ta buƙatar madubi.”

Ciyaman ya duba agogo, ya dubi hadarin da ke haɗuwa a gabas, ya dafa gwiwa zai miƙe. Na saci kallon Yaya. Na ga gumi na bin wuyansa. Aikin shekara guda ne ke shirin tashi daga kujerar nan.

Sai muryar Tela. “Ranka ya daɗe, a ba ni minti biyu.”

Ya fito daga shago da riguna uku a kafaɗa. Rigunana. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a, kamar mai gwanjo.

Na ce, “Kai, sirrin mai kawo ɗinki amana ne!”

“Babur ma amana ne.” Ya juya ga Ciyaman. “Shekara talatin ina ɗinki. Na san cin ɓera, na san cin gara, na san ƙunar dutsen guga. Wannan ba ko ɗaya. Cin ruwan batir ne. Uku, duk a gwiwar dama. Ta tagata nake kallo, duk ranar da ta tashi, wannan malalacin yana jingine da katakon can yana zuba. Yau ya ƙi jingina saboda riga.”

Yaya ya juyo a hankali.

“Jingina.”

“Yaya, sabuwa ce fa. Ko wanki ba ta…”

“Na ce jingina.”

Na dubi katako, baƙi ƙirin, jiƙe da abin da ban sani ba. Na dubi hannun rigata. Na dubi makullin da ke shirin zama nawa. Na rufe ido na kafa gwiwa.

Shiru ya murɗa. Ta tashi da wani irin ruri, salansa ya tofa mini baƙin hayaƙi tun daga hula har ƙirji.

Jama'a suka ɗauki sowa. Ni kuwa ba a kayar da ni da sauƙi. Na ɗaga gwiwa sama na ce, “Kun gani da idonku! Ba katako ba ne, jiki ne! Baiwa ce! Duk gari wa ke da irin wannan gwiwa?”

Har na ga wasu sun fara gyaɗa kai. Da an bar ni minti biyar da na ci zaɓe. Sai maiɗakina, matar da na aura da hannuna, uwar 'ya'yana, ta ratso taro ta ce, “Shiru, kashe ta.” Ya kashe. Ta ce, “Malam, matsa.” Ta sunkuya ta ɗauko dutsen da ake tare taya da shi, ta ɗora a kan katako.

“Murɗa.”

Ta tashi.

Ta sa aka kashe, ta sauke dutse. Ƙas. Ta mayar. Ta tashi. Sau uku tana yi, don kada wani a bayan taro ya ce bai gani ba. Mahauci ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ciyaman ya cire tabarau yana share hawaye.

Na ce, “Uwar yara, a gaban mutane?”

Ta ce, “Taraktar yayana ce, Malam. Kai kuma ina da kai a gida.”

Bakanike ya diro daga katanga ba gaggawa. Ya ɗaga katako. Kan batir ya yi fari fat da wani gari kamar gishiri, wayar kuma tana lilo a kansa, ko jariri zai zare ta. Ya ce wannan ne duk ciwon: datti ya hana wuta wucewa, noti ya saki, in an danna katako sai waya ta kama, in an saki ta saki. Ya karɓi ruwan zafi ya wanke, ya kankare da wuƙa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya ɗaure noti da ƙaramar sifana, ya shafa man giris. Duka bai kai tsawon gaisuwar da na buɗe jawabina da ita ba. Aka murɗa sau biyar, ta tashi sau biyar, ba gwiwa ba dutse.

Ya rufe jaka ya dube ni. “Hular ce, Injiniya.”

Ciyaman ya ba Yaya aikin nan take. Na gyara abin da ya rage na rigata, na matsa na ce, “To Yaya, maganar manaja.”

Yaya ya ce, “Shiru, kai za ka yi aiki da shi. Wa kake so, shi ko dutsen?”

Shiru, wanda rabon da a ji muryarsa tun bara, ya yi tunani ya ce, “Dutsen. Ba ya surutu.”

Makulli ya zauna a aljihun Shiru. Gonata kuwa Yaya ya ce ta bi layi kamar ta kowa. Sakatare ya buɗe takarda, ya tuna mini cewa manaja ba ya bin layi, sannan ya rubuta sunana a ƙasan na ƙarshe, a gefen da takarda ta fara yagewa. A lissafinsa za a iso kaina bayan kowa ya yi noman farko. A yammacin nan ruwa ya sauka. Washegari farar riga ta huje a gwiwa.

Na je wurin Tela neman garmata. Ya ce ai ta tarihi ce. Sai da na tura masa babur har garejin bakanike, a tsakiyar kasuwa, da rana tsaka, sannan ya miƙo ta.

To, ku masu hankali ku yi hukunci. Wa ya gano inda ciwon yake? Gwiwata. Sau biyar tana nuna wurin, ba wanda ya kula. Wa ya yi asarar riguna huɗu da gira guda? Dutsen nan me ya rasa? Amma yanzu yana nan a ƙofar filin Yaya, an ɗora shi a kan tsohuwar taya, Tela ya rubuta masa Injiniya da allin ɗinki, kuma in ruwa ya wanke sai ya sake rubutawa. Masu wucewa har ɗaga masa hannu suke yi, suna tambayarsa ya aiki.

Kullum da safe ta nan nake bi da garma a kafaɗa. Tela yakan leƙo ta taga ya ce, “Ba ka gaida abokin aikinka ba?”

Ba na gaishe shi, kuma ba zan gaishe shi ba. Na riga shi shiga aikin nan da kwana huɗu. Shi ne ƙarami, shi ya kamata ya fara.